BABI NA UKU: DACEWAR NA'URAR MAGANAƊISU DA AUNA RUWAYE MASU LAHANI A GUSAU DA TSAFE DA BUNGUƊU

3.0 GABATARWA

A babin da ya gabata an kawo bayanin ire-iren na'urorin da ake amfani da su wajen auna yawan ruwan da ke gudana a cikin bututu. A wannan babi kuwa, za a keɓe guda ɗaya daga cikinsu, wato na'urar auna gudun ruwa mai aiki da maganaɗisun lantarki, domin a duba ko ta dace da ruwayen da ake sarrafawa a wuraren aiki na Gusau da Tsafe da Bunguɗu a Jihar Zamfara. Ma'aikata kan kira duk irin wannan na'ura da sunan mita, to amma da yake kalmar mita tana kuma nufin ma'aunin tsawo, a nan za a riƙa kiran ta na'urar maganaɗisu domin kauce wa ruɗani.

Abin da ake nufi da ruwa mai lahani a wannan nazari shi ne duk wani abu mai gudana da ake turawa ta bututu a wurin aiki, wanda kuma ke iya ɓata bututun ko na'urar da ke jikinsa. Irin wannan ruwa ya kasu kashi uku. Akwai mai cin ƙarfe, kamar asid da soda da ruwan kulorin. Akwai mai goge ƙarfe, kamar ruwan gulbi mai yashi da niƙaƙƙen dutsen da aka dama da ruwa. Akwai kuma mai barin danƙo ko ɓawo a jikin bututu, kamar ruwan farar ƙasa. Babin zai nuna cewa na'urar maganaɗisu tana iya jure wa dukkan waɗannan, amma bisa sharuɗɗa uku: ruwan ya kasance mai ɗaukar lantarki, kayan da aka yi cikin na'urar da su su dace da ruwan, sannan a girka ta yadda ya kamata.

3.1 TAƘAITACCEN TARIHIN NA'URAR

Tushen wannan na'ura shi ne binciken da masanin kimiyya Michael Faraday ya yi a Ingila a shekarar 1831, inda ya gano cewa idan wani abu mai ɗaukar lantarki ya ratsa ta cikin ƙarfin maganaɗisu, to lantarki kan samu a jikin wannan abu. A shekarar 1832 Faraday ya gwada wannan tunani a kan Kogin Temis, inda ya zura farantan ƙarfe biyu a ruwa daga gadar Waterloo da ke Landan, da nufin ya auna gudun kogin ta amfani da maganaɗisun da ke jikin ƙasa. Gwajin bai yi nasara ba saboda kayan awon zamaninsa ba su da ƙarfin tantance ɗan ƙanƙanin lantarkin da ruwan ya haifar. Sai a farkon shekarun 1950 aka fara ƙera na'urar domin masana'antu a ƙasar Holan, daga nan ta bazu zuwa Amurka da sauran ƙasashe. A shekarar 1962 J. A. Shercliff ya wallafa littafin da ya tsara ra'in aikinta dalla-dalla. A cikin shekarun 1970 aka fito da dabarar jujjuya ƙarfin maganaɗisun sau da yawa a cikin sakan ɗaya, wadda ita ce mafi yawan na'urorin yau suke amfani da ita.

3.2 YADDA NA'URAR TAKE AIKI

Na'urar maganaɗisu guntun bututu ce da ake ɗaurawa a tsakanin bututun da ake son aunawa. Tana da manyan sassa huɗu kamar haka:

(i) Naɗin waya guda biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasan bututun ta waje, waɗanda ke haifar da ƙarfin maganaɗisu idan aka ba su wuta.

(ii) Shafi, wato rufin da ake manna wa cikin bututun kamar yadda tela ke yi wa riga shafi. Dole ne ya kasance abin da lantarki ba ya ratsa shi.

(iii) Ƙusoshin ƙarfe guda biyu da ke fuskantar juna a gefen dama da hagu, waɗanda kawunansu kaɗai ke taɓa ruwan.

(iv) Akwatin lissafi, wanda ke karɓar lantarkin da ƙusoshin suka ɗauko ya mayar da shi alƙaluma.

Idan ruwa ya ratsa ta tsakanin naɗin wayar, shi ruwan ne ke zama abin da ke ɗaukar lantarki a ƙa'idar Faraday. Ana rubuta ƙa'idar kamar haka:

E = k × B × D × V

A nan E na nufin ƙarfin lantarkin da ya samu, B ƙarfin maganaɗisu, D faɗin bakin bututu, V saurin ruwa, shi kuwa k adadi ne da kamfanin da ya ƙera na'urar kan tantance ta hanyar gwaji. Da yake B da D ba sa canzawa, ke nan E na ƙaruwa ne daidai da ƙaruwar saurin ruwa. Daga nan akwatin lissafi sai ya ninka saurin da faɗin cikin bututu ya fitar da yawan ruwa. Misali, bututu mai faɗin milimita 100 da ruwa ke gudu a cikinsa da saurin mita 2 a sakan, yana wuce da kimanin lita 56,500 a awa ɗaya.

Abu biyu ya kamata a lura da su a nan. Na farko, babu nauyin ruwa ko kaurinsa ko zafinsa a cikin wannan ƙa'ida, saboda haka canzawarsu ba ta taɓa sakamakon awo. Na biyu, lantarkin da ke samuwa ɗan kaɗan ne ƙwarai, bai wuce 'yan milibolt ba, alhali batirin tocila ɗaya yana da milibolt 1,500. Wannan ƙanƙanta ita ce ta sa ƙaramin kuskure wajen girkawa kan lalata awon baki ɗaya.

3.3 ABIN DA YA SA AKE FIFITA TA

Idan aka leƙa cikin na'urar maganaɗisu ba za a ga komai ba illa rami sumul daga wannan baki zuwa wancan. Ba ta da farfela, ba ta da haƙora, ba ta da wani abu mai juyawa. Na'ura mai farfela, irin wadda ake sa wa famfon gida, yashi kan cinye ƙarfen da farfelar ke juyawa a kai, ko kuma ya maƙale ta tsaya cik. Na'ura mai faranti mai huda a tsakiya ita ma bakin hudar kan goge, laka kuma ta taru a gindin farantin, ga shi tana rage ƙarfin ruwa. Na'ura mai aika sauti ta cikin ruwa kuwa takan rikice idan laka ko kumfa ta yi yawa. Duk waɗannan matsaloli ba su shafi na'urar maganaɗisu sosai ba. Bugu da ƙari, kuskurenta a bisa al'ada bai wuce kashi 0.5 cikin 100 na abin da ta auna ba, tana kuma iya auna ruwa ko ya juya da baya.

3.4 SHARAƊI NA FARKO: ƊAUKAR LANTARKI

Ruwa na ɗaukar lantarki ne gwargwadon gishirin ma'adinan da suka narke a cikinsa. Ana auna wannan da ma'aunin da ake kira maikurosimin a kowace santimita. Mafi yawan na'urorin maganaɗisu suna buƙatar aƙalla maikurosimin 5, wasu kamfanoni ma kan nemi 20 idan ruwan tatacce ne sosai. Ruwan famfo da na rijiya kan kasance daga gommai zuwa ɗaruruwa, shi ya sa ƙa'idar ingancin ruwan sha ta Nijeriya ta shekarar 2007 ta sa iyaka a kan 1,000. Ruwan teku ya kai kimanin 50,000. Asid da soda da ruwan alam duk suna ɗaukar lantarki ƙwarai. Ke nan, ruwayen da aka fi jin tsoro su ne suka fi sauƙin aunawa da wannan na'ura.

Ruwayen da ke gagarar ta su ne waɗanda a ido ba su da wata illa ga ƙarfe. Fetur da kananzir da man dizal kusan ba sa ɗaukar lantarki ko kaɗan. Saboda haka, a wuri irin daffon mai na Gusau, wanda aka gina domin karɓar mai ta bututu daga matatar Kaduna, na'urar maganaɗisu ba ta da amfani a layin mai. Haka abin yake ga man gyaɗa da man angurya, waɗanda yankin Gusau ya daɗe da sanin sana'ar tatsarsu. Irin waɗannan sai na'ura mai farfela, ko mai ƙidaya cikin ƙoƙo, ko kuma mai auna nauyi ta hanyar girgizar bututu. Haka nan na'urar ba ta auna iska ko tururi.

Akwai kuma ruwan da ke kan iyaka. Kamfanonin ruwan leda da ke amfani da matatar da ke tsame gishirin ma'adinai daga ruwa kan fitar da ruwan da ɗaukar lantarkinsa ta faɗi ƙasa sosai, wani lokaci kusa da iyakar da aka ambata. A irin wannan wuri ya fi dacewa a ɗaura na'urar a layin ɗanyen ruwan da ke shiga matata, ko kuma a auna ɗaukar lantarkin tataccen ruwan kafin a sayo ta.

3.5 SHARAƊI NA BIYU: SHAFI DA ƘUSOSHI

Tun da shafi da kawunan ƙusoshi ne kaɗai ke taɓa ruwa, tsawon ran na'urar ya dogara ne a kan zaɓensu. Babu wani shafi guda da ya dace da kowane ruwa, domin kowane allazi da nasa amanu.

3.5.1 Ire-Iren Shafi

(a) Baƙar roba mai tauri: ta dace da ruwan gulbi da ruwan sha, tana jure zafi har kusan digiri 80 a ma'aunin Salshiyas, amma mai da ƙaƙƙarfan asid suna ɓata ta.

(b) Roba mai taushi da foliyuretan: su ne suka fi jure gugar yashi da tsakuwa, domin sukan lotsa su dawo idan ƙwayar dutse ta doke su. Foliyuretan ba ya son zafin da ya wuce digiri 50 zuwa 60, ba ya kuma jure asid ko soda mai ƙarfi.

(c) PTFE, wanda aka fi sani da sunan Teflon: kusan babu sinadarin da ke cin sa, yana kuma jure zafin da ya haura digiri 130. Rauninsa shi ne yashi na goge shi, sannan idan bututu ya zuƙe iska daga ciki yakan ɓanɓare daga jikin ƙarfe ya lotsa. Ɗan'uwansa PFA, wanda ake ƙarfafawa da ragar ƙarfe, ya fi shi jure wannan zuƙa.

(d) Tangaran: yana jure guga da sinadarai da yawa a lokaci guda, amma yakan tsage idan aka sauya masa ruwan zafi da na sanyi farat ɗaya, ko aka matse shi fiye da kima wajen ɗauri.

3.5.2 Ire-Iren Ƙusoshi

(a) Ƙarfe marar tsatsa samfurin 316L: shi ne mafi araha, ya wadatar ga ruwan gulbi da na famfo, amma ruwan kulorin mai ƙarfi yana huda shi.

(b) Hastelloy C: haɗin ƙarfe ne mai yawan nikel, ya dace da ruwan alam da soda da ruwan dattin masana'antu mai gauraye.

(c) Titaniyam: ya dace da ruwan gishiri da ruwan kulorin, amma ƙaƙƙarfan ruwan batir yana cin sa.

(d) Tantalam: yana jure kusan kowane asid, amma soda tana lalata shi. Ga shi da tsada, don haka wanda ya sa shi a layin soda ya yi asara biyu.

(e) Filatinam: ya dace da kusan komai, sai dai tsadarsa ta sa ba a cika amfani da shi ba sai a ƙananan layukan zuba magani.

Wannan ya nuna cewa tsadar ƙusa ba ita ce ma'aunin dacewarta ba. Abin da ya wajaba shi ne a san sunan sinadarin da ƙarfinsa da zafinsa kafin a rubuta takardar oda.

3.6 SHARAƊI NA UKU: GIRKAWA DA YANAYIN WURI

Na farko, dole bututu ya kasance cike da ruwa a kowane lokaci, domin akwatin lissafi yana ɗauka ne cewa a cike yake. A garuruwan da ake sakin ruwa na 'yan awoyi sannan a rufe, iska kan cika layi, idan aka sake sakin ruwa sai na'urar ta ƙidaya kumfa a matsayin ruwa. Maganin wannan shi ne a ɗaura ta a wurin da bututu ya yi kwari, ko a tsaye ruwa na hawa sama, a kuma kunna sashen da ke gane bututu ya bushe.

Na biyu, ana buƙatar miƙaƙƙen bututu kafin na'urar mai tsawon faɗinta sau 5, bayanta kuma sau 2 zuwa 3, ba gwiwa ba bawul. Ga bututu mai faɗin milimita 300, wannan na nufin mita 1.5 a gaba da kusan mita 1 a baya. Ba a ɗaura ta a bakin da injin tura ruwa ke zuƙa.

Na uku, dole a haɗa ruwan da jikin na'urar da ƙasa ta hanyar waya. Idan bututun na ƙarfe ne wannan ba wuya. To amma mafi yawan rijiyoyin burtsatse masu tankin sama, irin waɗanda jama'ar Tsafe da ƙauyukan Bunguɗu suka dogara da su, da bututun roba na PVC ake haɗa su. A nan sai an sa zoben ƙarfe a kowane bakin na'urar, kuma zoben ya kasance irin ƙarfen ƙusoshin. Idan ba a yi haka ba alƙaluma za su yi ta tsalle ko da ruwa bai motsa ba.

Na huɗu shi ne yanayi. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi a wannan yanki kan haura digiri 40, akwatin da aka bari a rana kuwa cikinsa ya fi haka zafi, saboda haka a yi masa rumfa ko a raba shi da bututun a kai shi ɗaki. Da damina ramin da ake binne na'ura kan cika da ruwa, don haka a nemi samfurin da ke jure nitsewa, mai lamba IP68, a kuma sa masa kariyar tsawa. Ɗaukewar wuta ma tana da illa biyu: na'urar kan daina ƙidaya, sannan tsayawar inji farat ɗaya kan sa ruwa ya koma baya ya haifar da zuƙar da ke ɓanɓare shafin PTFE. Ana iya magance ta farkon da batiri da farantin sola, ko da samfurin da ke aiki da batirin cikinsa na tsawon shekaru, ta biyun kuma da bawul mai shigar da iska.

3.7 DACEWARTA DA RUWAYEN YANKIN NAZARI

3.7.1 Gidan Ruwa

Gulbin Sakkwato ya taso ne daga wajen Funtuwa, ya ratsa ta Gusau, inda aka yi masa madatsar da ke ba garin ruwa, sannan ya wuce ta ƙasar Bunguɗu. Da damina ruwansa kan yi ja saboda laka da yashi. A gidan ruwa akan zuba alam domin laka ta dunƙule ta kwanta, a zuba farar ƙasa domin rage tsamin da alam ya kawo, sannan a zuba kulorin domin kashe ƙwayoyin cuta. Yawan kowane magani ya dogara ne a kan yawan ruwan da ke shigowa.

Ga misali na lissafi. A ɗauka gidan ruwa yana tace lita 500,000 a awa, gwaji kuma ya nuna ana buƙatar miligiram 40 na alam a kowace lita. Ke nan za a zuba kilo 20 a awa. Idan injin ya tsufa har ruwan da yake ɗagowa ya koma lita 350,000 ba tare da an sani ba, abin da ake buƙata kilo 14 ne, wato ana ɓarnar kilo 6 a kowace awa. A aikin awa 20 an zubar da kilo 120, fiye da buhu biyu masu kilo 50 a rana ɗaya. Idan kuwa ruwan ya fi yadda aka zata yawa, kulorin ne zai gaza, jama'a su sha ruwan da ba a gama kashe cutar cikinsa ba. Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne idan aka tuna annobar kwalara ta shekarar 2021, wadda aka yi zaton ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, Zamfara kuma na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna.

Ga layin ɗanyen ruwa na lita 500,000 a awa, na'ura mai faɗin milimita 300 za ta ba da saurin kusan mita 2 a sakan, wanda ya yi daidai. Shafin baƙar roba da ƙusoshin 316L sun wadatar. Layin alam kuwa daban ne. Idan an narka giram 100 a kowace lita, kilo 20 zai zama lita 200 a awa. A cikin na'ura mai faɗin milimita 50 wannan ruwa zai yi tafiyar da ba ta kai santimita 3 a sakan ba, saurin da ya yi ƙasa ƙwarai da abin da za a dogara da shi. A cikin mai faɗin milimita 10 kuwa saurin zai kai mita 0.7. Saboda haka da yawan ruwa ake zaɓen girman na'ura, ko da bututun da ke wurin ya fi ta faɗi. Alam na buƙatar shafin PTFE ko PFA da ƙusoshin Hastelloy C, ruwan garin kulorin kuma titaniyam ko filatinam. Ita farar ƙasa ɓawo take yi a kan ƙusoshi har ta raba su da ruwa, don haka a sa saurinta ya wuce mita 2 a sakan, a kuma riƙa wanke ƙusoshin a kai a kai. Har ila yau, kada a zuba magani dab da bakin shigar babbar na'ura, domin ruwan da bai gauraya ba kan rikita awo.

3.7.2 Kunun Dutsen Zinariya

A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Ƙananan Hukumomin Anka da Bukkuyum, inda yara aƙalla 400 suka rasu. Musabbabin abin shi ne niƙa busasshen dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a cikin gidaje. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019, ta ɗage hanin a watan Disamba na 2024, a shekarar 2025 kuma aka sake ba da rahoton ɓullar gubar a Ƙaramar Hukumar Bunguɗu. Ɗaya daga cikin shawarwarin masana lafiya shi ne a riƙa niƙa dutsen da ruwa domin kashe ƙura. Wannan kuwa na haifar da kunun dutse, wanda dole a tura shi zuwa ramin da zai kwanta, a kuma san yawan ruwan da ke fita daga wurin.

A nan ne na'urar maganaɗisu ta fi kowace dacewa. Ana buƙatar shafin roba mai taushi ko tangaran, da zoben kariya a bakin shiga. A ɗaura ta a tsaye domin guga ta rarrabu daidai, a kuma riƙe sauri tsakanin mita 2 zuwa 3 a sakan, domin ƙasa da haka dutse zai kwanta, sama da haka shafi zai cinye da wuri. Ƙwayoyin dutse da ke dukan ƙusoshi kan haifar da hayaniyar lantarki, saboda haka a nemi samfurin da ke jujjuya maganaɗisu da sauri sosai. Idan dutsen na ɗauke da tama mai kama maganaɗisu, awon kan wuce gaskiya sai an yi masa gyara.

Sai dai na'urar yawan kunun kawai take aunawa, ba ta san abin da ke cikinsa ba. Sai an haɗa awonta da gwajin ɗakin bincike. Misali, idan wuri yana zubar da lita 10,000 a awa, gwaji ya nuna miligiram 5 na dalma a lita, to a awa 10 an saki rabin kilo na dalma. Da yake iyakar dalma a ruwan sha miligiram 0.01 ce a lita, wannan rabin kilo ya isa ya kai lita miliyan 50 ga wannan iyaka.

3.7.3 Soda da Ruwan Rini da na Jima

Masaƙar Zamfara da ke Gusau, wadda aka kafa a shekarun 1960, ta daina aiki, to amma duk wani yunƙurin farfaɗo da saƙa zai haɗu da ruwan soda da ruwan rini mai zafi. Haka masu yin sabulu da masu tace man gyaɗa suna amfani da soda. Soda na buƙatar shafin PTFE ko PFA da ƙusoshin Hastelloy C, a guji tantalam. A matatsar mai guda ɗaya ke nan, na'urar ta dace da layin soda da na ruwan datti, amma ba ta dace da layin man kansa ba. Ruwan majemun zamani, irin waɗanda ke Sharaɗa da Calawa a Kano, yana ɗauke da farar ƙasa da asid da gishirin kurom, ga gashi da kitse. Ramin na'urar ba ya toshewa da gashi, sai dai kitse kan rufe ƙusoshi, don haka a zaɓi ƙusoshi masu tsinin kai da ruwa ke wankewa da kansa.

3.8 NAƊEWA

A wannan babi an bayyana asalin na'urar maganaɗisu da sassanta da ƙa'idar aikinta, an kuma auna ta da ruwayen da ake sarrafawa a Gusau da Tsafe da Bunguɗu. An gano cewa ta dace da ɗanyen ruwan gulbi da alam da kulorin da farar ƙasa da soda da kunun dutse da ruwan dattin masana'antu, matuƙar an zaɓi shafi da ƙusoshin da suka dace, an kuma girka ta a cikakken bututu mai haɗe da ƙasa. An kuma gano cewa ba ta dace da fetur da kananzir da man dizal da man gyaɗa da man angurya ba, tana kuma buƙatar taka-tsantsan a tataccen ruwa. Bisa ga haka, ana ba da shawarar cewa kafin a sayi wannan na'ura a auna ɗaukar lantarkin ruwan, a rubuta sunan sinadarin da ƙarfinsa da zafinsa da yawan yashinsa, a lissafa saurinsa, sannan a tanadi wutar da za ta riƙe ta. A babi na gaba za a kwatanta kuɗin sayenta da na kula da ita da na sauran na'urorin da aka ambata.